Gonar Baba Shekwolo da Kalmar da Na Juya

Kuna ta ce mini aikin tafinta ya mutu, waya ta gaje shi. Shekaranjiya ma ɗayanku ya ajiye mini tasa a kan teburin nan, ya yi mata Hausa, ta mayar masa da Girkanci, ya ce, "Baba Haruna, ka gani? Ko minti ɗaya ba a yi ba." Na gani, kuma ban yi musu ba. Amma tunda kun ce kuna son koyon sana'ar, ku ja kujera ku zauna. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina tsaye tsakanin bakin Bagirke da kunnen mutanen ƙasar nan, kuma manyan kalmomi ba su taɓa kayar da ni ba. Babbar kalma kana hango ta tun daga nesa, sai ka buɗe ƙamus. Waɗanda suka ba ni wuya su ne 'yan ƙananan nan da aka koya muku a firamare da sunan wakilan suna: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Da su ake sanin wa ya yi, wa aka yi wa, kuma abu na wane ne.

Ni ba tafinta ya kawo ni Abuja ba. Sitokifa aka ɗauke ni a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse, yadinsa na nan Jabi bayan tasha, lokacin da rabin unguwar ciyawa ce. Mai kamfanin Bagirke ne, muna ce masa Oga Manoli. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga saurin fushi ga saurin hucewa. Ya yi shekaru a Kamaru kafin ya zo nan, saboda haka Faransancinsa ya fi Turancinsa, Hausa kuwa bai wuce "sannu" da "yauwa" ba. Idan abu ya ɗaure masa sai ya koma harshen uwarsa, mu kuma mu tsaya muna kallon bakinsa. Matarsa, Madam Eleni, ita ke riƙe da ofis. Malamar makaranta ce a ƙasarsu kafin ta yi aure. Wata rana ta ji ni a sito ina kwaikwayon faɗan Oga don in ba leburori dariya. Na ɗauka kora ce ta zo. Sai ta ce da ni da Turanci, "Abin da ka faɗa daidai ne, har zagin. Kana so ka san ma'anarsa?"

Haka koyo ya fara. Kullum bayan la'asar, rabin awa a barandar ofis, shekara biyu cur. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai littafin rubutu mai baƙin bango, kowane shafi na ja masa layi a tsakiya, Girkanci a hagu, Hausa a dama. Akwai biro biyu, shuɗi nawa, ja nata. Akwai ƙamus na Girkanci da Turanci wanda bangonsa ya riga ya rabu da shi, na ɗaure da roba. Na Girkanci da Hausa babu shi a duniya, ko kuwa ni dai ban taɓa gani ba, saboda haka kowace kalma sai ta bi ta Turanci kafin ta iso gida, kuma a hanyar nan takan zubar da wani abu. Sai kaset guda uku da Madam ta naɗa mini da muryarta, waɗanda na saurara har suka soma ja. Babban kayan aiki dai kunne ne, kuma shi ba a saye.

Darasin farko na tuna shi kamar yau. Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Ego." Ta nuna ni ta ce, "Esi." Ta nuna maigadi, "Aftos." Ta nuna mai shara, "Afti." Ta nuna tukunyar fulawa da ke gefen baranda, "Afto." Na ce, "Madam, tukunya ma tana da nata?" Ta ce tana da shi. Mu a Hausa komai ko shi ne ko ita ce, su kuwa suna da na uku, kuma abin dariya, yarinya da yaro ƙarami a na ukun nan suke, tare da tukunya. Mu kuma muna da abin da ba su da shi: muna raba kai da ke, su "esi" ɗaya ce ga kowa. Sannan ta ba ni "emis", wato mu, da "esis", wato ku, da "afti", wato su. Na ce ai mun yi "afti" ɗazu, ita ce mai shara. Ta ce a rubuce sun bambanta, a baki kuwa ɗaya ne, sai ka kula da abin da ya biyo baya.

Mako guda na haddace su, na zo ina ƙafafa. Sai ta ce, "Madalla. To ka sani Bagirke bai cika faɗin ko ɗaya daga cikinsu ba." A wutsiyar kalmar aiki yake ɓoye mai aikin. "Thelo" ina so, "thelis" kana so, "theli" yana so ko tana so. Mu muna sa mutum a gaba, su suna sa shi a baya, daidai inda murya ke faɗuwa, daidai inda ƙarar janareta ke cinye magana. Idan kuwa ka ji Bagirke ya buɗe baki ya ce "ego" ɗungurungum, to da nauyi ya faɗe ta, kamar Bahaushe ya ce "ni da kaina".

Sai muka iso kan 'yan mitsi-mitsin da ke nuna mallaka, a nan ne na fashe da dariya. Gida a Girkanci "spiti" ne. Gidana, "spiti mu". Gidanka, "spiti su". Na ce, "Madam, ai wannan Hausa ce aka karkata. Mu a wurinmu 'mu' jama'a ce har da ni, 'su' kuwa waɗancan ne." Ta sa na maimaita mata. Sannan ta ɗauki jan biro ta zagaye kalmomin biyu, ta ce, "Waɗanda ba su yi kama da naka ba za ka koye su ka huta. Waɗannan biyun ba za ka taɓa hutawa da su ba, don kunnenka ya riga ya san su da wata ma'ana tun kana goye." Na yi wata uku ina atisaye a kansu. In ina tafiya masallaci ina cewa a raina, "mu" nawa, "su" naka, "mu" nawa, "su" naka, har na tabbata sun zauna.

Aikin farko da aka fita da ni a wata ma'aikatar tarayya ne, cikin sakatariya. Takardar izinin fara aiki ce ta maƙale, Oga ya je ganin daraktar sashen, wata Hajiya 'yar Katsina, mai gilashi, wadda ba ta ɗaukar raini. Ana cikin magana Oga ya hasala ya bar Turanci, ya ce wani abu da ya fara da "esis", ma'anarsa ku ne kuka jawo jinkiri. To "esis" kamar "ku" ɗinmu take, ana faɗa wa jama'a, ana kuma faɗa wa babba shi kaɗai don girmamawa. In na ce "ke kika jawo jinkiri", an gama, sai dai mu tattara takardunmu. In na ce "ma'aikatarku", wataƙila na ƙara abin da bai faɗa ba. Na juya na tambaye shi da Girkanci, "Ita kaɗai, ko su duka?" Ya ce, "Ita me ta yi mini? Ofishinsu nake nufi." Na ce, "Ranki ya daɗe, ya ce daga ofis ɗinku jinkirin ya fito, ba daga gare ki ba." Ta cire gilashi ta dube ni ta ce, "Malam, na ga ka tambaye shi kafin ka faɗa. Haka ake yi." A makon aka sa hannu.

Wani aikin kuma a asibiti ne. Makanikin kamfani, wani Bagirke mai suna Kosta, ya yanke jiki ya faɗi a yadi. Likita ya ce in tambaye shi ko ya sha wani abu. Kosta ya ce, "Mu edhose ena hapi." Na ce, "Ya ce ya ba shi ƙwaya ɗaya." Likita ya ce wa? Aka shiga neman mai ba da magani na kamfani, namiji, aka tsare shi da tambaya yana rantsuwa. Ashe matar Kosta ce ta ba shi nata maganin hawan jini. Kalmar da ya faɗa ba ta nuna namiji ko mace ba, ni ne na sa mata wando. Hausa ba ta barin ka ka wuce sai ka zaɓi "ya" ko "ta", kuma duk lokacin da ka zaɓa ba tare da tambaya ba, caca ka yi da ran wani. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. A garin nan rabin masu Hausar ba da ita aka haife su ba. Mace za ta ce maka "mijina ta tafi gona", dattijo zai ce wa 'yarsa "ka zo". Ba kuskure suke yi a wurinsu ba, Hausarsu ke nan, kai ne za ka san wanda ake nufi kafin ka miƙa wa Bature.

To, duk wannan na san shi. Ina so ku riƙe cewa na san shi, kuma na shekara takwas a kan aikin, kafin shekarar da zan ba ku labari.

Shekarar ba ta zo mana da daɗi ba. Babban injin haƙa ya karye sau biyu, rijiya uku muka haƙa a Kuje ba mu sami ruwa ba, Oga ya zama kamar garwashi. A wata ɗaya ya sallami walda da direba biyu. Ga kuma wani saurayi da ya dawo daga karatu a Atina da digirinsa, yana ta zirga-zirga ofis da takardunsa yana neman kujerata, Girkancinsa kuwa ya fi nawa santsi nesa ba kusa ba. Ana cikin haka muka sami aikin rijiya da tankin ruwa a wani ƙauyen Gbagyi bayan Bwari. Wurin da ruwa yake a gindin tudu ne, kuma babu inda za a ajiye inji da bututu sai gefen gonar doyar wani dattijo, Baba Shekwolo.

Baba Shekwolo dogo ne siriri, ya kusa saba'in, kullum da gatari a kafaɗa. Ya karɓe mu hannu biyu. Ya sa 'yarsa Ladi ta riƙa kawo wa leburori ruwa da gasasshiyar doya. Dagacin garin ya gaya mini cewa dattijon ba asalin ƙauyen ba ne. An taɓa tashin su daga wani wuri da yanzu ya zama tsakiyar birni, da ƙyar ya sami wannan gonar ya sare ta da hannunsa. An yi yarjejeniya ta baki cewa za mu yi wata uku mu kwashe kayanmu.

Ranar wata Alhamis safiyo ya zo ya kafa fegi masu jan fenti, don ya nuna inda bututu zai bi ƙarƙashin ƙasa. Fegin suka ratsa ta tsakiyar kunyoyin doya. Ku da kuka tashi a birni ba za ku san abin da jan fegi yake nufi ga mutumin da aka taɓa tayarwa daga gidansa ba. Da yamma muna shirin tafiya, Oga ya riga ya shiga mota, inji na ta ruri a bayanmu, sai ga Baba ya taho da sauri. Ya tsaya jikin tagar ya ce mini, "Malam, ka tambaya mini Bature. Wannan itace da an kafa, ni na san shi. Gona ɗin, na wane ne yanzu?"

Na juya wa Oga. Oga yana da wata ɗabi'a mai kyau, ba ya yi wa tafinta magana, mai maganar yake kallo ya yi masa kai tsaye. Ya leƙo ta taga, hannunsa ɗaya a sitiyari, ya dubi dattijon ya ɗaga murya saboda ƙarar inji, ya ce, "Dhiko su ine, barba! Dhiko su!" Wato, taka ce, kawu, taka ce.

Tun asuba nake tsaye cikin rana ina juya harshe uku. Ban tsaya ba, ban yi tunani ba. Kunnena ya kama "su" ya miƙa wa bakina yadda ya san ta tun ina goye. Na ce, "Baba, ya ce tasu ce. Tasu ce."

Dattijon bai yi gardama ba. Ya dubi Oga, Oga na yi masa murmushi yana gyaɗa kai. Ya dubi fegin. Ya sauke gatarin daga kafaɗa ya riƙe a hannu, ya ce, "To. Na ji." Oga ya ce, "Yauwa!" ya ja mota.

Mun wuce Bwari, mun kusa Dutsen Alhaji, sannan maganar ta dawo mini. Na ji ta da muryar Oga, na ji ta da tawa, na ga ba su haɗu ba. Tsakaninmu da ƙauyen bai fi tafiyar minti arba'in ba, rana ma ba ta faɗi ba. Abin da ya kamata shi ne in ce, "Oga, tsaya, na yi kuskure, mu koma." Kalmomin duk na san su da Girkanci. Na dubi fuskarsa, yana ta zagin wata tirela da ta tare hanya. Na tuna walda. Na tuna saurayin nan mai digiri. Na ce a raina, ai ranar Litinin za mu dawo, sai in ja dattijon gefe in gyara, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ranar Asabar aka ce wani injinmu da ke aiki a Lokoja ya sami matsala, kuma Kosta ba zai iya da mutanen wurin ba sai da ni. Aka ce kwana huɗu. Mako bakwai na yi. Lokacin babu wayar hannu a ƙauye, amma ba zan fake da wannan ba. Direbobinmu suna zuwa Abuja duk mako. Da na rubuta 'yar takarda zuwa ga dagaci, layi biyu, da ta isa. Abin da ya hana ni shi ne takarda tana bin hannu, kuma hannu na iya kai ta ofis.

Da na dawo na tarar an gama tanki. Oga, wanda bai sake taka wurin ba tun tafiyata, ya ce in raka shi ƙauyen, yana da abin da zai nuna wa dattijon. Ashe ya sa an ja bututu na musamman har bakin gonar, an kafa famfo guda, don Baba ya riƙa ban ruwa da rani, tukuicin haƙurin da ya yi da mu. Muka isa muka tarar da gonar a tone. An haƙe doyar tun ba ta ƙosa ba, ramuka ko'ina, 'yan ƙananan da ba su da amfani an watsar. Gidansa kuwa an cire kwanon rufi da ƙofofi, sai bango.

Dagaci ya ce mini, "Ai tun sati biyu da maganarku ya kwashe iyali. Ya ce wancan karon ya tsaya gardama har katafila ta same shi da kaya a ɗaki, wannan karon ba zai jira ba. Mun ce ya bari a sake tambaya. Ya ce me za a tambaya, Bature ya faɗa da bakinsa yana dariya, Malam kuma ya juya masa da Hausa." Ya ce sun nufi wajen dangin matarsa, can ta Kagarko.

Oga ya ce, "Me yake cewa? Ina tsohon?"

Wannan ita ce dama ta biyu, kuma ita ma na bar ta ta wuce. Na ce, "Ya koma wajen danginsa." Ban yi ƙarya ba a kalma, amma ku sani tafinta na iya yin ƙarya da abin da ya bari a bakinsa. Oga ya buɗe famfon, ruwa ya zubo cikin ramukan doya. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ko sallama babu." Ya rufe, muka tafi. Har ya bar duniya yana ganin dattijon ya yi masa rashin kirki.

Ban rasa aikina ba. Saurayin mai digiri ya sami wani wuri a Legas. Na ƙara shekara tara a kamfanin, har ciwon zuciya ya ɗauke Oga, Madam ta sayar da injuna ta koma ƙasarsu. Ni kuma na buɗe wannan ɗan ofis, ina juya takardun ɗalibai masu tafiya karatu, da na 'yan kasuwa, wani lokaci kotu ko asibiti su kira ni. Sau biyu na yi niyyar zuwa Kagarko. Sau ɗaya har na shiga mota a tashar nan, na sauka kafin ta cika.

Shekara shida da suka wuce na je kasuwar kifi ta Kado, za a yi sunan jikata. Na tsaya gaban wata mata mai tarwaɗa busasshiya, ina taya kwando. Ta daina ƙirga kifin ta tsura mini ido. Ta ce, "Ba kai ne mai juya magana na Bature ba? Mai rijiya?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "Ni ne Ladi. Ɗiyan Shekwolo. Ina kawo muku doya."

Na tambayi Baba. Ta ce ya rasu a shekara ta uku da tashinsu. A can bai sami gona tasa ba, sai ɗan gefen da surukai suka ara masa, daga baya ma ƙodago ya koma yi a gonakin mutane, da tsufansa. Ta faɗa ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara. Har ta ƙara da cewa, "Kai ba laifinka. Abin da an faɗa maka ne ka faɗa."

Da na yi shiru a nan, da mun rabu lafiya, har ta yi mini gyara. Na ajiye kwandon na ce, "Ladi, ba abin da aka faɗa mini na faɗa ba." Na gaya mata duka, tsaye a cikin ƙarnin kifi, masu ɗaukar kaya na bangaje ni. Na gaya mata abin da Bature ya ce da abin da ni na ce. Na gaya mata inda muke a hanya lokacin da na gane. Na gaya mata maganar famfo.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Wato gonan namu ne."

Na ce, "Taku ce. Ba a taɓa karɓe ta ba."

"Kuma ka sani tun ranan."

"Tun ranar."

Ta ce, "Babana ya mutu yana cewa sau biyu an kore shi. Ashe na biyu ba wanda ya kore shi." Ta ja kwandon ta mayar ƙarƙashin tebur. Ta ce, "Malam, ka matsa. Akwai mutane a bayanka."

Bayan mako biyu na koma na ce mata a shirye nake in faɗi wannan magana a gaban duk wanda ya kamata. Ta haɗa ni da wanta Yohanna. Muka je ƙauyen tare. Dagacin da na sani ya rasu, ɗansa ke kai. Inda gonar take an zagaye da katanga, gidaje sun kai ashirin a ciki, da maigadi a ƙofa. Bayan tashin Baba wurin ya zauna shekaru ba mai nomawa, aka ce ba shi da mai shi, ya bi hannu ya bi hannu har ya isa ga masu gina rukunin gidaje. Na rubuta bayanina, na yi rantsuwa a kai, muka kai inda ake kai irin wannan ƙorafi. Jami'in ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Baba, na ji tausayin lamarin, amma mutum ya tashi da ƙafarsa, babu takarda, babu wanda ya kore shi. A kan me za mu tsaya?" Muka yi zuwa biyar. A na biyar Yohanna ya ce in bari haka, kuɗin mota ma ya ishe shi.

Kuskuren kansa kowa na iya yi. Wanda ya fi ni Girkanci zai yi, wayar taku ma za ta yi, don na gwada ta da Hausar ƙauyen Bwari na ga inda take tuntuɓe. Duk wanda ya ce muku ya shekara talatin yana tafinta bai taɓa juya magana ta kife ba, bai yi aikin ba. Abin da sana'ar take nema a wurinku shi ne ku iya buɗe baki a gaban wanda ke ba ku abinci ku ce, "Dakata, ba haka ka ce ba, ni na karkata." Ba a koyar da wannan a baranda. Madam ta ba ni duk abin da ke cikin littafi, wannan kuwa ni ya kamata in zo da shi daga gida.

Ladi na nan Kado har yanzu, layi na biyu in ka shiga ta ƙofar masu busasshen kifi. Nakan bi ta wurin in na je kasuwa. Ina gaishe ta, tana amsawa, har takan tambayi jikokina. Sau uku na miƙa kuɗi in sayi kifinta, sau uku tana nuna mini teburin maƙwabciyarta.